Wane yadi ne zai iya da zafin murhu da zafin Sakkwato?

Maman Ummi, Gawon Nama: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin teloli da waɗanda suka riga ni shiga harkar abinci. Ina da ɗan gidan abinci, muna kuma karɓar aikin biki da suna. Ma'aikatana tara ne: huɗu a bakin wuta, biyu a wanke-wanke, uku masu kai wa baƙi. Kafin azumin da ya wuce na ce bari mu ma mu fito fes kamar kowa, na shiga kasuwa na yanko farin yadi mai ɗan sheƙi. Mai shagon ya ce ba ya yamutsewa, ba ruwansa da guga, kuma gaskiyarsa. To kwana uku da fara sawa na leƙa bayan gida, sai ga rigar Inno, wadda ke tuƙa mana tuwo, rataye a reshen dogon yaro, ita kuwa tana ta aiki da tsohuwar rigarta ta atamfa. Na fara faɗa, ba ta tanka ba, sai ta juya ta nuna mini bayan wuyanta. Ƙurajen zafi ne sun feso kamar an watsa gero. Ta ce, "Hajiya, in dai dole sai da rigar nan, ki sallame ni." Yanzu masu kai abinci kaɗai ke sawa. Mun karɓi wani babban biki wata mai zuwa, ina son in sake ɗinki, ba na son in sake zubar da kuɗi. Wane yadi zan saya?

Zainabu Arkilla: Wa alaikumus salam Hajiya. Auduga zalla, magana ta ƙare.

Ɗan Mabera: Leda kika ɗinka musu a watan Maris, Hajiya? Ai ki gode Allah da Inno ba ta dahu tare da tuwon ba.

Baba Tela, Kanwuri: Ɗiyata, roba ce an ka sayar miki. Shekara talatin da wani abu ina bisa keke, yadin wanga na san shi tun daga sautin almakashi. Abin da za ki nema shi ne hwarin kaki na kaɗa, wato auduga, wanda in kin ƙura mai ido za ki ga saƙar ta yi layi-layi a karkace. Kuma kar ki tsaya ga bakin mai shago. Ki tahi da ashana. Ki ce a yanko miki ɗan ƙyalle daga bakin bandir ɗin, ki hita waje ki kunna mai wuta. In kaɗa ce, za ta ci da wuta tana warin takarda, ta bar toka mai laushi wadda in kin murza sai ta bi iska. In roba ce, za ki ga tana ƙanƙancewa tana gudun wutar, ta yi baƙin hayaƙi, ta ɗiga, sannan ta daskare ta zama ƙwallo mai tauri. In haɗi ne, ga toka ga ƙwallon. Mai shagon da ya hana ki gwaji, ki ba shi haƙuri ki wuce gaba.

Alhaji Nasiru mai yadi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mana adalci. Kullum aka tashi magana sai a ce 'yan kasuwa sun cuci mutane. Hajiya da bakinta ta ce an faɗa mata ba ya yamutsewa, kuma bai yamutse ba. Mutum ya zo ya ce yana son fari mai kyau, mai sauƙin kuɗi, wanda ba ya son guga, me za ka miƙa masa? Ban da haka, yawancin rigunan kuku da ake ɗinkawa a duniya yau haɗi ne, kashi 65 foliyesta, wato roba, kashi 35 auduga, kuma ba don wauta ake yin haka ba. Yana jure wanki, yana bushewa da wuri, launinsa ba ya kodewa. Auduga zalla kuwa wankin farko za ta tsuke, kullum sai guga, kuɗinta kuma ya fi. Mace mai ma'aikata tara, kowa riga biyu, ku lissafa mata.

Maman Ummi: Alhaji, ban ce an cuce ni ba, ni ce ban faɗa masa bakin wuta za a shiga da shi ba. Amma shi ma bai tambaya ba.

Kuku Sani, Runjin Sambo: Bari in sa baki, don duka biyun na sa su a jikina. Na yi shekara shida a kicin ɗin wani otal a Abuja, rigarmu haɗin nan ce da Alhaji ya faɗa, kuma ba mu taɓa kuka da ita ba. Amma wane irin kicin? Akwai injin da ke zuƙe hayaƙi da tururi a saman kowane murhu, ana hura iska mai sanyi, ga gidan wanki na otal ɗin da ke karɓar riga da daddare ya maido ta da safe. Da na dawo gida na fara aikin biki, na ɗauko rigunan nan guda biyu ina taƙama. Wata Afrilu a Minannata, ƙarƙashin rumfar kwano, murhun itace shida a jere, kowanne da tukunyar da mutum biyu ke saukewa. Kafin azahar rigar ta manne mini a baya kamar an shafa ƙaro, zufa na gangarowa har cikin takalmi, ba inda za ta fita. A garin da zafi ke haura 40 a inuwa, wani lokaci har 44, ba za ka auna da kicin ɗin Abuja ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya raba ni da haɗi shi ne abin da ya faru da wani yarona. Yana suyar kaji, iska ta kaɗo harshen wuta ta gefen kasko ta lashi hannun rigarsa. Ba wata babbar wuta ba ce, da tafin hannu muka kashe ta. Amma yadin ya narke ya kama fatar, daga tsintsiyar hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Muna zuba ruwa muna kallon baƙin abin a manne, ba halin ɓarewa. A asibiti aka cire, ya yi kusan wata bai taɓa aiki ba, tabon yana nan har yau. Ita ma auduga tana ci da wuta, kar wani ya ɗauka ba ta ci, in mai shara-shara ce ma da sauri take ci. Bambancin shi ne ba ta narkewa ta kama jiki. Don haka ni a wurina, duk wanda ke tsayawa gaban wuta, auduga mai ɗan kauri. Masu kai abinci da mai karɓar kuɗi, a ba su haɗin Alhaji, babu laifi.

Zainabu Arkilla: Innalillahi. Allah ya ƙara kiyayewa.

Alhaji Nasiru mai yadi: Allah ya ba shi lafiya. To amma Malam Sani, ka ce mai kauri, su kuma kukan zafi suke yi. Kaki mai kauri a bazara ai bargo ne.

Kuku Sani: Shi ya sa na ce ɗan kauri, Alhaji. Masu yin yadi suna auna nauyinsa da giram a kowace murabba'in mita, wani lokaci za ka ga lambar a jikin takardar bandir. Rigar kuku yawanci tana tsakanin 190 zuwa 240. Mu a nan ka nemi na ƙasa-ƙasa, wajen 200. In ya yi shara-shara da yawa, man da ya fantsalo daga kasko zai ratsa ya sami fata nan take, kuma zafin man suya yakan kai digiri 180. In babu lamba, ka ɗaga ƙyallen ka kalli rana: ka ga haske kaɗan amma kar ka ga yatsunka. Sannan ka ɗora shi a baki ka hura, in iska ta fita ta ɗaya gefen ba tare da ka yi nishi ba, zai yi.

Aisha ɗaliba: Assalamu alaikum iyayena. Harkar otal da girki nake karanta, abin da aka koya mana ya zo daidai da maganar Kawu Sani. Zaren auduga yana iya riƙe damshi kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa, na foliyesta bai kai kashi 1 ba, shi ya sa zufa ba ta da wurin zuwa sai ta zauna tsakanin fata da riga. Foliyesta tana narkewa a wajen 250 zuwa 260 a ma'aunin zafi. Ita kuma farar rigar kuku mai gaba biyu ana danganta ta da wani kukun Faransa, Mari-Antuwan Karem, wanda ya rasu a 1833. Gaban nata biyu ne don ƙirji ya sami ninki biyu na kariya daga tururi da mai, kuma in gefe ɗaya ya ɓaci sai ka buɗe ka mayar da mai tsabta sama kafin ka fita gaban baƙi. Maɓallan ma da ƙullin ƙyalle ake yi, don na roba yana iya narkewa ko ya fashe ya faɗa cikin abinci.

Ɗan Mabera: Shi Karem ɗin ya taɓa tuƙa tuwon dawa na mutum ɗari uku a Sakkwato?

Aisha ɗaliba: Yaya, su ma da gawayi suke girki a lokacin, cikin ɗakunan da hayaƙi ba ya fita.

Baba Tela: Yarinya ta yi gaskiya ga zancen maɓalli. Amma gaba biyu ɗin nan, ni ban cika ba mutanenmu shawarar shi ba, sai ga mai suya. Mai tuƙin tuwo ki yi mata gaba ɗaya, ki ba ta afron mai kauri da za ya ruhe ƙirji har gwiwa. Ta gama tuƙi ta kwance shi ta sha iska. Ninki biyun da an ka ɗinke a jikin riga ba ya kwantuwa.

Ɗanjuma mai wanki, Rijiyar Dorowa: Kowa ya yi maganar sawa, ba wanda ya yi maganar wankewa, kuma a kanmu take ƙarewa. Ina karɓar kayan gidajen abinci uku. Alhaji ya ce haɗi yana da sauƙin wanki. In ƙura ce ko shayi, haka ne. In maiƙo ne, wallahi ba haka ba ne. Roba da mai 'yan ɗaki ɗaya ne, in ta sha shi ba ta saki. Ka wanke, ka ɗauraye, ta bushe fes, mai ita ya sa ta minti goma jikinsa ya ɗumama, sai warin tsohon mai ya taso. Audugar kuwa ina iya tafasa ruwa in jiƙa ta, in ta kama ma in dafa ta a garwa, ta fito kamar sabuwa.

Ga yadda nake yi da manja, ko wani zai amfana. Kar ruwa ya fara taɓa wurin. Ka ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa a kan tabon yana busasshe, ka murza da yatsa, ka bar shi kamar minti goma sha biyar, sannan ruwan zafi da omo. Jan da ya rage ka bar wa rana, ita ke cinye jan manja, kuma rana dai ba mu da talaucinta. Jinin nama ko na kaza kuwa ruwan sanyi, in ka zuba na zafi ka dafa shi a jikin yadin ke nan. Bilic kaɗan, kuma ba kullum ba, yawan shi ke sa kwala da bakin hannu su ruɓe. Sai ɗan bula a ɗaurayar ƙarshe.

Abu na ƙarshe, dutsen guga. Yaushe rabon da a bar mana wutar lantarki ta wuni? Da na gawayi nake aiki, shi kuwa ba shi da maɓallin rage zafi. Na taɓa biyan kuɗin riga biyu na roba daga aljihuna saboda dutse ya ɗan jima a wuri ɗaya.

Maman Ummi: Malam Ɗanjuma, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Warin nan na sha yi wa yaran faɗa a kansa, ina cewa ba sa wanki da kyau. Allah ya yafe mini. To tun da haka ne, ba gara in bar farin gaba ɗaya ba? In yi ruwan toka ko shuɗi mai duhu. Ga manja, ga hayaƙin itace, ga ƙurar hunturu.

Zainabu Arkilla: Ni dai in na shiga gidan abinci na ga mai girki da baƙar riga, raina ba ya kwanciya. Me take ɓoyewa? Fari shi ke tona asirin ƙazami.

Alhaji Nasiru mai yadi: Kuma audugar da kuke yabo, in mai duhu ce, ranar garin nan wata uku za ta mayar da ita kamar tsumma. Kafaɗa ta kode, ƙasa na nan da launinsa. A nan dai dole ku sallama wa haɗi.

Kuku Sani: Na sallama, Alhaji. Ni riga fara, wando mai duhu ko mai ƙananan gida-gida baƙi da fari, afron kuma mai duhu tun da shi ke karɓar duka. Masu aikin waje a rana ma fari ya fi musu sauƙi.

Malama Hauwa, Gidan Igwai: Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan. Hajiya ta ce huɗu ne a bakin wuta, na tabbata yawancinsu mata ne. Duk kun tsaya a kan riga, ba wanda ya ambaci hijabi, alhali shi ya fi kusa da wuta in mace ta sunkuya. Hijaban da ke kasuwa yanzu, masu santsi da masu talewa, kusan duk roba ne. Na yi aikin dafa abincin buɗa-baki a wata cibiya azumi biyu, maza na shige da fice suna kawo itace da ruwa, ba macen da za ta yarda ta cire hijabi. Da idona na ga bakin hijabin wata ya shiga ƙarƙashin tukunya tana gyara itace. Allah ya sa ta kusa da ita ta fizge shi ta sama, sai ɗan gashin goshi da ya babbake. Tun ranar muka sauya. Muka sa aka ɗinka mana ƙananan hijabai na auduga iya kafaɗa, muna cusa bakinsu cikin wuyan riga, rigar kuma doguwa har ƙasa da gwiwa, da wando ko siket marar baza. Sutura ta cika, gashi ba ya faɗawa abinci, babu abin da ke reto a kan wuta. In za a tashi sai kowa ta ɗora babban hijabinta. Hajiya, ko ba ki sauya komai ba, ki sauya wannan.

Maman Ummi: Uku ne mata, Malama. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma gas muke amfani da shi a ciki, harshensa ma ba a cika ganinsa da rana ba. Allah ya saka miki da alheri.

Baba Tela: Allah shi yi miki albarka Malama. Wagga magana ta hi duk wadda mun ka yi.

Malam Bello, tsohon ma'aikaci: Abin da ke ba ni takaici, wai yau a ƙasar Hausa ake neman auduga zalla da ashana a hannu. An buɗe masaƙar Kaduna tun 1957 zamanin Sardauna. Gusau, da take cikin jihar Sakkwato kafin 1996, ga gidan gurzar auduga ga masaƙa. Funtuwa haka. Akoko da alawayyo da kakin makaranta duk na gida ne, ba mai tambayar ko da roba a ciki. Babbar masaƙar nan ta UNTL a Kaduna da ta rufe a 2007, mutum nawa suka rasa abinci? Yanzu sai abin da aka sauke a Kantin Kwari daga Sin.

Ɗan Mabera: Baba Bello ya hau dokinsa, sai mun kai zamanin dalar gyaɗa za a sauka.

Mai kula da zaure: Malam Bello, a buɗe wa wannan zance nasa wurin daban, yana da daɗi. Yanzu a ƙarasa wa Hajiya.

Baba Tela: To ɗiyata, saura ɗinki. Kahin almakashi ya taɓa yadin, ki jiƙa shi dukka cikin ruwan zahi ya kwana, ki shanya, a goge. Zancen Alhaji na tsukewa gaskiya ne, kaɗa takan ja kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, gara ta ja tun tana yadi. Mai hwaɗin inci 60, yadi biyu da rabi ya isa rigar babban mutum, ta mata mai tsawo ki sa uku. Ki ce ma telanki kar ya matse, a bar wuri ga hammata da baya, a tsaga gehe kaɗan. Hannu ya wuce gwiwar hannu amma kar ya yi baki mai hwaɗi irin na kaftani, shi ka jawo mariƙin tukunya. Aljihu kar a sa shi a ƙirji, mutum ya duƙa biro ko waya ta hwaɗa miya. Kuma ban da sitati, yana toshe ƙohohin da iska ka bi. Kowa riga biyu aƙalla, mai suya uku.

Alhaji Nasiru mai yadi: Hajiya, in kin shigo ki zo da ashanarki, ni zan yanka miki ƙyallen da hannuna. Amma ki sayi yadin mutum ɗaya tukuna, a ɗinka a gwada mako guda, kafin ki ɗauki bandir.

Maman Ummi: Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana goma. Na zaga shago biyar da ashanata, yaran kasuwa na ta kallona. Ƙyalle bakwai na ƙona, duk an ce mini auduga ce zalla. Biyu ne kawai suka zama toka, huɗu suka ba ni toka da ƙwallo, ɗaya kuwa ɗiga ya yi ta yi har ya kusa samun ɗan yatsana. Wani mai shago da kansa ya karɓi ashanar ya sake gwadawa, ya ce shi ma haka aka faɗa masa da ya saro. Na ɗauki mai sauƙin nauyi cikin biyun, na jiƙa ya kwana kamar yadda Baba ya ce. Na auna kafin da bayan, yadi uku ya rage da kusan faɗin tafin hannu. Aka ɗinka wa Inno ita kaɗai, da ƙaramin hijabin Malama Hauwa. Yau kwana shida tana sawa, ban sake ganin komai a reshen dogon yaro ba. Tana yamutsewa kam, kafin la'asar kamar an kwana a kanta, na dai kau da kai. Tsofaffin rigunan na bar wa masu kai abinci.

Ɗanjuma mai wanki: Ki ce su riƙa shanya ta a kan hanga tana jiƙe, su ja kwala da hannu su miƙar. Rabin guga ke nan.

Maman Ummi: Zan faɗa musu. Baba Tela, Inno ta ce in tambaye ka, wai ko za a iya yi mata ɗan aljihu ta ciki wajen ƙugu, inda za ta riƙa sa goronta.

Baba Tela: A yi mata, amma da marhi da maɓallin ƙyalle. Ki turo ta da rigar gobe bayan azahar in gani.